Wai mi za mu kira midiyan da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malaman lissafi da masu koyar da yara kwamfuta, ina neman taimakonku kan wata kalma guda. Ina da yara bakwai da nike koya ma Python, wato harshen rubuta furogiram na kwamfuta, duk ranar Asabar nan Birnin Kebbi, kuma satin da ya wuce munka zo kan wani ɗan aiki da kusan duk mai koyo sai ya yi shi, wato a ba kwamfuta lambobi ta fiddo wadda ta faɗo tsakiya. Turawa na ce mashi midiyan. Na buɗe baki zan faɗa da Hausa sai na ce matsakaici, kuma tun ban rufe baki ba na san ba shi ba ne, don matsakaici mun riga mun ba wani abu daban, wato a tara lambobi duka a raba da yawansu.

Ga misalin da na ba su. A ce masunta biyar sun shiga kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ɗaya ya fito da kilo 6, ɗaya Allah ya ba shi giwan ruwa mai kilo 70, sauran ukun 3 da 5 da 4. In ka tara 88 ke nan, ka raba biyar ka samu 17.6. To don Allah wane ne cikinsu ya kama abin da ya yi kusa da kilo 17? Babu, giwan ruwan nan guda ya jaye lissafin ya yi sama da shi. Amma jera su daga ƙarami zuwa babba, 3, 4, 5, 6, 70, ka ɗauki na tsakiya, 5, nan ne za ka ga ainihin abin da mutane sunka kama. Ko da kifin ya kai kilo 200 biyar ɗin na nan ba ta motsi. Abu biyu masu bambanci haka bai kamata suna guda ya ɗauke su ba.

Kuma na ga illar rashin suna da idona. Wata yarinya mai ƙoƙari sosai cikinsu, da na ce lambar tsakiya, sai ta rubuta furogiram ɗinta ya ɗauko ta uku yadda anka shigar da su, ba ta jera ba, kwamfuta ta ba ta 3. Ta ce Malam ai ita ce ke tsakiya, kuma gaskiyarta, abin da na faɗa ta yi. Wani kuma ya jera da umarnin sorted amma ya manta bai maida abin da umarnin input ya karɓo a matsayin rubutu zuwa lamba da umarnin int ba, ya shigar da 8 da 9 da 100, Python ta jera su kamar rubutu, 100 ya zo gaba don harafinsa na farko 1 ne, sai ta ba shi 8 maimakon 9. Duk matsalar wurin jeri take.

Ƙari bayan na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri.

Waɗanda sunka ce tsaka-tsaki, ni dai bai kwanta mani ba, in ka ce tsaka-tsaki Bahaushe zai ji abin da ba yabo ba fallasa, ko wanda bai goyi bayan kowa ba, ba zai ji lamba guda takamaimai ba. Cibiya kuma ta yi aiki da yawa, cibiyar lafiya, cibiyar da'ira, a bar ta ta huta. Wani malamin Islamiyya daga Jega ya tuna mana Larabawa na cewa alwasiɗ, su kira matsakaici almutawassiɗ, to Malam ka ga su ma sun raba sunayen, wannan ya ƙara mani ƙarfi, sai dai yaron da bai yi Larabci ba aron bai rage mashi komai ba, da midiyan da wasiɗi duk sai an sake yi mashi bayani.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce ɗan tsakiya, wata 'yar uwa daga Gusau ta kawo ta, ta ce kamar ɗan yatsan tsakiya, biyu dama biyu hagu. Kalmar na da daɗin faɗi wallahi, har na kusa amincewa, sai na ɗaga hannuna na duba. Yatsan tsakiya shi ya fi kowane tsawo, yatsu ba a jere suke bisa tsawo ba, ke nan hoton da zai zo ma yaro shi ne daidai kuskuren yarinyar can. Hajiya ki yi mani haƙuri, wanga dalili ne kaɗai ya sa na bar ta.

Abin da na tsaya kai shi ne tsakiyar jeri. Sunan na ɗauke da aikin, yaro in ya ji jeri ya san sai ya jera tukuna, kamar layin asambuli gajere gaba dogo baya, ka nemo wanda rabi ke gabansa rabi ke bayansa. Wani ya ce ai jeri na iya zama kowane iri, gaskiya ne, shi ya sa a ajina lambobin da ba a tsara ba zan riƙa ce masu tari, sai an bi da su daga ƙarami zuwa babba su zama jeri.

Sai wanda ya tambaya in lambobin shida ne fa, babu kowa a tsakiya? Nan ma sunan bai faɗi ba, don tsakiya wuri ce, ba dole a samu mai tsayuwa kanta ba. Ɗauki biyun da ke tsakiya ka haɗa ka raba biyu, misali 3, 4, 5, 6, 8, 70, biyar da shida sha ɗaya, rabi 5.5, ko da babu 5.5 cikin lambobin. Haka umarnin median na cikin kundin statistics ke yi a Python, haka MEDIAN na Excel. Ga mai rubutawa da hannu kuma ya tuna Python daga sifili take fara ƙirga, in lambobi biyar ne 5 // 2, wato a raba biyar gida biyu a yar da saura, zai ba da 2, gurbi na 2 kuwa shi ne na uku a ƙirgarmu.

Ranar Asabar in sha Allah zan ba su aikin daga farko ba tare da na ce su jera ba, tsakiyar jeri kawai zan rubuta a allo, in ga mutum nawa za su jera da kansu. Malaman sakandare na Kebbi da Zamfara masu koyar da wanga darasi, ku ma ku gwada a ajinku ku gaya mani yadda yara sunka karɓe ta.