Cinikin ranar ƙarshen wata ba ya fitowa a rahoto

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Manhajar lissafin wani shago ce a Kantin Kwari, da MySQL, wato rumbun da ke ajiye bayanan. In aka nemi cinikin Maris da `BETWEEN '2024-03-01' AND '2024-03-31'`, na ranar 31 sai ya ɓace. Ina matsalar take?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ai ginshiƙin lokacin cinikinka DATETIME ne, wato yana ajiye kwanan wata tare da awa. In ka rubuta kwanan wata ba awa, ana ɗaukarsa ƙarfe 00:00:00, wato farkon ranar 31. Duk abin da aka sayar bayan nan ya fita daga iyaka. Rubuta haka: `lokaci >= '2024-03-01' AND lokaci < '2024-04-01'`. Kada ka toshe da 23:59:59, don in ana ajiye ɓangaren daƙiƙa, 23:59:59.5 zai zille.

Hajiya Binta: Malam ya gama magana, amma duba agogon sabar ma, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan. Kano tana gaban UTC, ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya, kuma ba ma sauya agogo kamar Ingila. In da UTC ake ajiyewa, cinikin ƙarfe 00:30 na 1 ga Afrilu a agogon Kano zai zama 23:30 na 31 ga Maris, ya faɗa watan da ba nasa ba. Fara lissafa iyakokin da `Africa/Lagos`, wato lokacin Najeriya, sannan ka mayar UTC.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai. To cinikin masu aikin dare fa, daga 22:00 zuwa 06:00?

Malam Sani: Can AND ba zai yi ba, tunda lokacin ya tsallaka tsakar dare. Sai `awa >= 22 OR awa < 6`.