Neman kalma: me za mu kira palimpsest da Hausa?

Mai fassara: Malamai, ina neman kalmar da za ta tsaya wa palimpsest. Asalinta Girkanci ne, kalmomi biyu a haɗe: "kuma" da "kankarewa". Fata ce da aka yi rubutu a kanta, daga baya aka kankare, aka sake rubuta wani abu dabam. Misalinta kundin Ifraimu da ke Paris: Littafi Mai Tsarki ne na Girkanci daga ƙarni na 5, a ƙarni na 12 aka kankare shi aka rubuta wa'azozin wani malamin Kirista, Ifraimu na Suriya, a kai. Warƙa 209 ta saura. Ni dai "wankakken allo" ya fara zo mini.

Malamin Girkanci: Malam, yana da daɗin ji, amma zai ɓatar da mai karatu. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro, zaune take a kan itace, ruwa na taɓa ta sai ta tafi fes. Tawadar waɗancan kundaye kuwa ta ƙarfe ce da tsamin itatuwa, kusan irin haɗin da dukawa ke baƙanta fata da shi. Tana cin jikin fatar. Ko an goge da dutse mai kaushi, ƙarfen na nan, bayan ƙarnuka sai ya sake bayyana ja-ja kamar tsatsa. Abin da bai wanku ba shi ne ya sa muke zancenta.

Ma'ajiyar kundaye: Kuma a lura, fatar ba jemammiya ba ce. Ta ɗan maraƙi ko tunkiya ko akuya ake jiƙawa cikin ruwan farar ƙasa na kwanaki, a cire gashi, a ɗaure a jikin katako ta bushe a miƙe, a yi ta kankara har ta yi siriri. Babban littafi guda kan cinye garke, shi ya sa ba a yar da tsohuwa. Mai sake amfani da ita kan warware ɗinkin littafin, ya kankare, sau da yawa ya juya warƙar ya naɗe ta biyu. Sai ka ga tsohon rubutu ya ratsa sabon a gicciye, shafuffukan asali kuma sun hargitse. Abin ya yawaita har taron shugabannin majami'ar Kirista na shekarar 692 ya hana lalata littattafai masu tsarki in ba sun riga sun lalace ba. Ina ba da shawarar "rubutu kan rubutu".

Mai fassara: Malama, wannan ai zai haɗa har da sharhin da almajiri ke cusawa tsakanin layuka. Babu kankarewa a cikinsa.

Malamin Girkanci: Haka ne. To "kankararren kundi". Warƙa guda kuma "kankararriyar warƙa", domin wani lokaci gutsure kawai ake samu. A ma'ajiyar tsofaffin takardu ta majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Alƙahira an sami gutsattsarin fassarar Tsohon Alkawari da wani mafassari mai suna Akila ya yi zuwa Girkanci, kwance ƙarƙashin rubutun Ibrananci.

Ma'ajiyar kundaye: Na karɓa, da sharaɗin a kula da k ɗin, mara lanƙwasa ce. Wanda ya karanta da ƙ zai ɗauka ƙanƙara ce ta kama littafin. Sauran kalmomi biyu da ba makawa: "rubutun ƙarƙashi" da "rubutun bisa". Na ƙarƙashi shi ne ya girma, kuma galibi shi ake nema. A 1892 wata masaniya mai suna Agnes Smith Lewis ta gano Linjila huɗu na tsohon Suriyanci a gidan sufaye na Katarina da ke Sina'i, ƙarƙashin tarihin waliyyai mata.

Mai fassara: Fito da na ƙarƙashin fa, "tono" ko "farfaɗowa"?

Ma'ajiyar kundaye: "Farfaɗowa". Tono na nuna an taɓa jikin fatar, kuma nan aka yi ɓarna a da. A shekarun 1830 an shafa wa kundin Ifraimu sinadari don haruffa su fito. Sun ɗan fito, amma warƙoƙi suka rine shuɗi da baƙi. Wani masani Bajamushe, Tischendorf, ya buga ɓangaren Sabon Alkawari na rubutun ƙarƙashin a 1843. Yanzu hoto ake ɗauka da haske kala-kala, har da wanda ido ba ya gani, kwamfuta ta raba tawada biyun ba tare da an ɗiga wa fatar komai ba.

Mai fassara: To na sa su haka a jerin kalmomi: kankararren kundi, jam'i kankararrun kundaye.