Muhawara: Cire kafasitar birait ne maganin kaifin amfilifayar jita?

Mai gyara, Alaba: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina bai canza ba: duk amfilifayar bawul (mai kwalaben gilashi masu ƙara sauti) da ke soke kunne, kafasitar birait, wato mai fito da siririn sauti, ce mai laifi. Ƙaramar kafasita ce da ke tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta bolum. A tashar bibrato ta Fender Deluxe Reverb 47pF ce (pF ma'aunin girman kafasita ne), ba ta da makunni ma. A Twin Reverb 120pF ce a kan makunni. A Marshall JCM800 kuwa 1000pF ce a kan gen (bolum ɗin matakin farko) mai 1M, tana fara ɗaga sauti tun daga wajen 200Hz. Ɗaga mata ƙafa ɗaya da ayan ɗin narka dalma, ka naɗe da tef, aiki ya ƙare.

Baban rediyo, Agege: Wa alaikumus salam. Ɗana, rabin gaskiya ka faɗa. Kafasitar nan hanya take ba siririn sauti ya tsallake ɓangaren bolum na sama. Idan bolum na 2 ko 3, ɓangaren nan babba ne, sai kaifi ya rinjayi sauran sauti. Da ka murɗa zuwa 8 ko 10 kusan babu abin tsallakewa, kafasitar ta zama kamar babu ita. To wanda kaifinsa ke fitowa sai ya buɗe bolum a wurin biki, me cirewar za ta yi masa? Tambayar farko ita ce a wane bolum abin ke damunsa.

Mai jita, Obalende: Baba, tawa amfilifayar ce ke wannan kaifin. A zauren biki mai tayil da gilashi ne abin ya fi muni, bolum kuma yana wajen 7. Ƙarar kamar ana yaga zani, musamman idan sautin ya fara mutuwa.

Injiniya, Idi-Araba: Wannan siffar ta bayas mai sanyi ce; bayas shi ne saitin yawan karan (wutar da ke gudana) da bawul ke ja idan ba a kiɗa. Idan bawul biyu na fita ba sa jan isasshen karan a zaune, wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki yakan sami giɓi, shi ne tsatsar da kake ji. Auna kafin ka taɓa komai. Sa rezista 1 ohm tsakanin katod (ɗaya daga ƙafafun bawul) da ƙasa, wato jikin shasi, a kowane bawul. Duk milibolt ɗaya da mita ta nuna miliyamp (mA) ɗaya ne. Bawul ɗin fita irin EL34 wat 25 yake ɗauka, kuma an saba kada a wuce kashi 70 cikin 100, wato wat 17.5. Idan filet (farantin cikin bawul mai ɗaukar babbar wuta) na 450V, kana neman wajen 35 zuwa 39mA. Ka ga 15 ko 18, ga matsalarka nan. Wannan na amfilifaya mai bayas na gyarawa ne, ban da irin Vox AC30 da ke ɗaukar nata daga katod.

Mai gyara, Alaba: Injiniya, bayas ɗin da za a saita da wutar Legas? Safe 230V, yamma 190V, janareta kuma ya kai 245V idan an sauke masa kaya.

Injiniya, Idi-Araba: Shi ya sa ake saitawa a bayan sitabilaiza, a kuma yi kiɗa a bayanta. Ka saita a 190V, wuta ta cika, filet ya yi ja, bawul ya tafi. Auna wutar hita mai ɗumama bawul ma: 6.3V ya kamata, kada ta kauce fiye da kashi 10 cikin 100.

Baban rediyo, Agege: Kafin a buɗe shasi, ku ji wannan da kyau. Manyan kafasitocin tace wuta suna riƙe 400V zuwa 500V ko an zare filogi. A sauke su ta rezista 100k mai wat 5, a auna, sai mita ta nuna ƙasa da 10V sannan hannu ya shiga. Ban da haɗa su da sukundireba. Kuma kada a kunna amfilifayar bawul babu sifika a jone, taransifomar fita ce za ta ƙone.

Sannan ku dubi sifikar kanta, don a nan aka fi cutar masu jita. Sifikar jita da kanta take zubar da sauti daga wajen 5kHz zuwa sama. Idan ta asali ta mutu aka sa ta kiɗan biki, ko aka jona akwati mai tuwita (ƙaramar sifikar siririn sauti), duk tsatsar da ya kamata ta ɓace sai ta fito fili. Babu kafasitar da za ta rufe wannan. Ko da ta jitar ce, tsakiyar kon (takardar sifika mai motsi) yana harba kaifi kai tsaye. Matsa gefe taku biyu ka saurara. Idan ya lafa, to juya akwatin ko ɗauke makirfo daga tsakiya zuwa gefen kon ya wadatar.

Mai gyara, Alaba: Na karɓi ta sifika, Baba. Amma a ce sifika daidai, bayas daidai, kaifi na nan a babban gen. Sai kafasita ko?

Injiniya, Idi-Araba: Sai kafasita, amma ba waccan ba. Sa 470pF a kan rezistar filet mai 100k ta mataki na biyu na ƙaramin bawul 12AX7. Juriyar cikin bawul da ta rezistar idan sun haɗu wajen 38k ce, yankan zai fara kusa da 9kHz. Da 1000pF zai sauko wajen 4kHz, a nan jita ke fara toshewa. A nemi kafasita mai jure 500V ko 630V. Mai 50V irin ta rediyo ba za ta jure ba. Ni na fi son rezistar girid, wato ƙafar da sauti ke shiga bawul: 100k zuwa 220k a manne da ƙafar soket a matakin da ke gurɓata sauti. Tana aiki da kafasitans ɗin cikin bawul, kusan 150pF, tana kuma hana girid shaƙewa. A matakin farko dai a bar 68k ɗinsa, ƙari yana kawo huci.

Baban rediyo, Agege: A nan muka rabu, Injiniya. 220k ta yi yawa ga mai kiɗan hailaif ko juju da ke son tsinken kowace tsirkiya ya fito. Ni da bawul 5751 zan fara maye gurbin 12AX7 a soket na farko. Ƙarfin ƙara sautinta 70 ne maimakon 100 na 12AX7, babu dalma babu yanka, kuma ana mayarwa cikin minti ɗaya.

Mai gyara, Alaba: 5751 ta gaske wuya take a kasuwa, Baba, 12AT7 aka fi samu, ita kuma tana jan karan fiye da yadda aka tsara soket ɗin, sautinta sirara yake ƙarawa. Ni ga mai kiɗa a ɗaki da bolum 2, har gobe birait zan fara taɓawa. Sai dai ba cirewa ɗungurum ba: a JCM800 a sauke 1000pF zuwa 250pF, ko a jera mata rezista 100k.

Mai jita, Obalende: To ni bolum ɗina 7 ne. Zan buɗe bayan akwatin in karanta abin da aka rubuta a jikin sifikar tukuna. Injiniya, rezistar 1 ohm ɗin, wat nawa zan saya?

Injiniya, Idi-Araba: Wat 1, mai kuskuren kashi 1 cikin 100, guda biyu. Idan ba ka saba aiki kusa da 450V ba, kai wa mai gyara ya manna, kai ka tsaya ka karanta mita.