Don Allah a taimaka, yaya zan raba faifan saba?

Ɗan Gwaram: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon kwamfuta a garinmu, kwamfutoci 12, yara na zuwa gwajin jarrabawar JAMB. Sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, tsohuwar HP ce da na sayo a Kano, kuma wallahi akuya biyu Inna ta sayar ta ba ni kuɗin, shi ya sa ko barci ba na iya yi. Faifanta na ajiyar bayanai SSD ne 256GB, RAM 8GB. Bara na ba wa / (babban ɓangaren faifan, inda tsarin kwamfutar yake zaune) 20GB kacal, wata huɗu ta cika maƙil, yara na zaune komai ya tsaya cak. Yanzu tsarin Linux na Ubuntu 24.04 zan saka. Nawa zan ba kowane ɓangare?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ba / ce ta cika ba, /var ce, nan log (rikodin ayyukan kwamfutar) da database (rumbun bayanai) suke taruwa. Ka ba EFI 512MB, /boot 2GB (su biyun na tayar da kwamfuta ne), / 40GB, /var 80GB, duk da LVM (tsarin da ke ba ka damar ƙara wa ɓangare girma daga baya) ban da na farkon biyu. Sauran ka bar shi fili. Magana ta ƙare.

Malam Na-Ringim: Haba Injiniya, shago ne fa, ba banki ba. Ya bar komai wuri ɗaya. Ni yayana ya yayyanka min faifai gida bakwai, ya tafi Abuja, har yau ba ya ɗaga wayata.

Injiniya: Malam, ai wuri ɗayan ne ya kai shi ya baro. Kuma ƙanena Ɗan Gwaram ka kula, idan ka bar wa Ubuntu zaɓi da LVM, 100GB kawai take ba / a faifai irin naka, sauran na nan zaune. A tsarin jera fayiloli kuwa, ka ɗauki ext4, XFS ba a rage girmanta.

Ɗan Gwaram: Yallaɓai, 20GB ɗin ba ganganci na yi ba, a YouTube na gani. Kuma LVM tsoro take ba ni, in wuta ta ɗauke fa?

Maman Hanif: Ai wutar ce matsalarka. Mu inbatarmu ta mutu da azumi, faifan ya bi ta. Kana ajiye kwafin bayanan a wani wuri?

Injiniya: Wace manhajar jarrabawa ma kake ɗorawa? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Gwaram: Wani yaro ne ya saka min. To swap fa, wato ɓangaren faifan da ke agaza wa RAM in ta cika, 8GB ko 16?