Sanyi ya shigo: yaya kuke kare bututun ruwan motar gida?

Mai tambaya, daga Minnesota:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bana na sayi motar gida ta hannu, irin wadda ake ja da a-kori-kura, da kicin da banɗaki a ciki. Yanzu Oktoba ta kama, sanyin dare ya fara sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Maƙwabcina ya ce in ban shirya ta ba, ruwan ciki zai daskare ya fasa bututu. A bayan gida zan ajiye ta har Afrilu. Wanda ya taɓa fama da wannan, don Allah ya ba ni labari.

Wani dattijo, daga Edmonton ta Kanada:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Gaskiya ya faɗa maka. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba shi da wurin zuwa. Bututun roba na zamani yakan ɗan buɗa ya jure, amma mahaɗansa da bawul ɗin masai da famfon tura ruwa ba sa jurewa.

Shekarata ta farko na zubar da ruwan tanki, na ɗauka shi ke nan. Na manta da 'yar shawar nan ta waje, wadda ke cikin akwati a gefen mota. Da Mayu ta yi na haɗa tiyo, sai na ji tsiyaya a cikin bango. Kafin in gano wurin, katakon ƙasan gadon yara ya jiƙe sharkaf, ya kumbura. Tsagar da ta jawo duk wannan ba ta kai tsawon farce ba.

Ga yadda nake yi tun daga nan. Ina kashe hitar ruwa, in bari ta huce sarai, sannan in cire toshiyarta ta ƙasa. In juya bawul ɗin da ke bayanta don ruwa ya kewaye ta, in ba haka ba tankinta mai galan 6 zai shanye maka maganin hana daskarewa. In buɗe magudanan ƙasan mota. Sai in busa bututun da kwamfuresa, matsin iskar kada ya wuce 40 a ma'aunin psi. Daga nan in tura maganin hana daskarewa, in bi kowane famfo, na zafi da na sanyi, har maganin mai launin ruwan hoda ya fito. Masai ma haka. A ƙarshe kofi ɗaya a kowace magudana, saboda ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar ƙarƙashinta. Galan 2 zuwa 3 suna isata.

Ma'aikaciyar jinya, daga Dakota ta Arewa:

Baba ya gama magana, amma don girman Allah a kula da maganin. Na motar gida shi ne mai ruwan hoda, wanda aka rubuta a jikinsa na bututun ruwan sha ne. Na lagireton mota guba ne, yana da zaƙi, yana lalata ƙoda, yaro ko kyanwa na iya lasa. A karanta rubutun jarkar, kada a tsaya ga launi kawai.

Ni a cikin tawa na yi hunturu biyu saboda aiki. Kuskurena shi ne rowar gas. Na kunna ƙaramar hitar lantarki, ɗaki ya yi ɗumi, na kwanta da daɗi. Da asuba na murɗa famfo zan yi alwala, ko ɗigo. Ashe babbar hitar gas ce ke hura zafi zuwa ƙarƙashin daɓe inda bututun suke, ɗumin ta lantarkin kuwa ya hana ta tashi. Sai da na zagaye ƙasan motar da allon kumfa don tare iska, na riƙa barin ƙofofin kabad na ƙasan wurin wanke-wanke a buɗe, sannan na samu sauƙi.

Direban babbar mota, daga Texas:

Hajiya, kin tuna min Fabrairun 2021. Mu nan ba mu saba ba, sai ga sanyi na kwanaki, wuta ta ɗauke. Tiyona mai ɗumama kansa ya zama sanda. Hitar gas ma fankarta da batir take aiki, batirin ya mutu a dare na biyu. Abin da ya cece ni, na yi maza na zubar da ruwan bututun gaba ɗaya, muka koma jarka da buta. Na gefena ya bar bawul ɗin zubar da ruwan wanka a buɗe, ruwan ya riƙa daskarewa kaɗan-kaɗan har tiyon magudana ya toshe ya tsage. A bar shi a rufe, sai tanki ya kusa cika a zubar lokaci guda. Janareta kuma a nesanta shi da taga, hayaƙinsa ya kashe mutane a wancan makon.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. Baba, iskar kaɗai ba za ta isa ba? Uwargida tana tsoron ɗanɗanon maganin a ruwan shayi.

Dattijon Edmonton:

Akwai masu tsayawa a iska, amma a sanyi irin naku ni ban yarda ba, don ruwa yana maƙalewa a famfon turawa da bawul ɗin masai. Ka ce wa maiɗakinka ta kwantar da hankali, in an ɗauraye bututun sosai da ruwa mai tsafta ɗanɗanon yana tafiya. Kada dai ka zuba maganin cikin tankin ruwan sha, ka ja shi kai tsaye daga jarka. Kuma ka manna takarda a kan makunnin hitar ruwa yau ɗin nan, ka rubuta cewa babu ruwa a ciki. In aka kunna ta a bushe a Afrilu, ƙarfen ɗumamawar nan take yake ƙonewa.