Baƙin murabba'i tak: zane ne ko rainin hankali?

A zauren WhatsApp na 'yan garinmu, nan kusa da Kura, wani ɗanmu da ke karatun zane a Zariya ya turo hoton aikin da Kazimir Malevich ya yi a Rasha a 1915: baƙin murabba'i a kan farin kyalle, shi ke nan. Ya ce babban aiki ne. Nan take muhawara ta kaure.

Kawu Magini: Ɗana, wannan ba zane ba ne. Na sha fitar da dagi a bangon zaure da yatsuna tun laka tana ɗanya. Wannan kuwa jikana zai yi shi da gawayi kafin la'asar.

Ɗalibi: Allah ya ja kwana, Kawu. Mutumin ya iya zana mutane da gonaki, da gangan ya bari, don ido ya tsaya a kan launi kaɗai. Ranar da ya nuna shi, can sama ya rataye shi a kusurwar ɗaki, inda Rashawa ke ajiye hotunan ibadarsu.

Baba Marini: Ni dai ina bayan yaron nan. Ku dubi turkuɗi. Launi ɗaya ne, ba zare, ba ado. Amma sau nawa ake tsoma shi a baba, a fitar ya sha iska, a sake mayarwa? Sannan a kai wa masu bugu, su yi ta dukansa har ya riƙa ɗaukar ido. Buzaye tun daga Nijar suke nemansa don rawani. Abin da ba shi da ado ba shi da maɓoya, kuskure kaɗan sai ya fito fili.

Malama: Baba, ka yi gaskiya, amma turkuɗi sawa ake yi. Zayyanar allo ma tana da ranarta, ranar sauka. Shi wannan me zai yi mini?

Ɗalibi: Anti, kallo. Ki buɗe hoton sosai, fentin ya tsattsage, wasu launuka na leƙowa daga ƙasa, domin a kan wani zanen ya shafa baƙin. A haka yake a gidan adana zane na Tretyakov a Mosko.

Kawu Magini: Yaɓen da ya tsage, a wurinmu sake shi ake yi.

Baba Marini: Magini, gobe da hantsi ka biyo ta marina. Zan shimfiɗa maka baƙi biyu a rana, ka faɗa mini ko ɗaya ne.