Shin Peugeot 504 da ta tsufa a Sakkwato ta fi ta Kudu daraja?

Dillalin Mota:
Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, kuma na tsaya a kanta: duk Peugeot 504 da ta yi rayuwarta a Sakkwato ta fi wadda ta zauna Legas ko Fatakwal daraja, ko da shekarar ƙirarsu ɗaya, don haka kuɗinta ma ya kamata ya fi. Hujjata tsatsa ce. Tsohuwar mota bodi ake saye. Inji ana saukewa a gyara, giyabos ana samun wani, amma in ƙarfen jiki ya ruɓe an gama. Mu nan daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran wata takwas ƙasa a bushe take. Can kuwa ga ruwa kusan duk shekara, ga iskar teku mai gishiri. Mai ja ya fito.

Tsohon Makanikin Fijo:
Wa alaikumus salam. Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ka sa mutane asara. Abin da ruwa bai ci ba nan, zafi da ƙura sun ci shi. Injin 504 na fetur, ko samfurin XM7 mai 1796cc ko XN1 mai 1971cc, bulok ɗinsa (gangar injin) ƙarfe ne amma top ɗinsa (kan injin) alminiyon. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40. Motar da anka bari ta tafasa sau biyu ko uku, top ɗin ya lanƙwashe. Sai a kai shi a goge, a sa sabon gasket, a ci gaba. In anka maimaita gugar har ta yi yawa, top ya sirance, inji ya riƙa ƙwanƙwasa da man da ya saba sha lafiya. Ga kuma ɗabi'armu ta cire tamostat, mai daidaita zafin inji, da zuba ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto. Ruwan nan yana barin farin dutse cikin bututu, yana kuma cin alminiyon daga ciki inda ido bai gani. To motar da ke da bodi sumul da top ɗin da anka cinye, ina darajar?

Dillalin Mota:
Baba, ai abin da na faɗa ke nan. Top ana sayo wani. Bodi fa?

Mai Walda da Fenti:
Bari in shigo, tunda bodi aikina ne. Alhaji, ba gaskiya ba ne cewa motar Sakkwato ba ta tsatsa. Tana yi, wurin da take yi ne ya bambanta. Ta Kudu tana ruɓewa daga waje: ƙasan ƙofofi, bakin madgad, gefen gilashin gaba, saman shokazoba na gaba. Tamu tana ruɓewa daga ciki, saboda abin da aka ɗora mata. Wagon da a-kori-kura da suka yi shekaru suna jigila tsakanin Sakkwato da Illela, ko Gwadabawa, ko Tambuwal, me suka ɗauka? Takin zamani, buhunan gishiri, ɗanyar fata da aka barbaɗe da gishiri, awaki da raguna. Fitsarin dabba da taki suna cin faranti fiye da ruwan sama. Ɗaga shimfiɗar but ka gani. Sau da yawa za ka tarar an yanke faranti an liƙa na durom, an shafe da baƙin kwalta.

Sannan ƙura. Ƙurar hunturu tana shiga cikin ƙofa ta toshe ƙananan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa. Damina ta zo, ruwa ya shiga ta gefen gilashi tunda rana ta riga ta ƙona robar, ya haɗu da ƙurar ya zama laka, lakar ta kwana wata uku tana jiƙe. Ƙofar da ka gani lafiya daga waje, ka sa yatsa a ƙasanta sai ya burma.

Mai Neman Saye:
Malamai, ni ina neman salun ce don ajiya da fita ranar Juma'a, ba ta haya ba. In na je dubawa, da me zan fara? Kuma yaya zan gane an ɓoye tsatsa da fenti?

Mai Walda da Fenti:
Ƙanena, ka tafi da maganaɗisu ƙarami, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Bi da shi ƙasan ƙofofi huɗu, bakin madgad, da kusurwoyin gilashin gaba da na baya. Inda ya kama da ƙarfi ƙarfe ne. Inda ya saki, fila ce aka cika, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Ka je da rana tsaka, kada ka yarda a nuna maka mota da magariba ko an wanke ta yanzu tana ɗiga, jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye ƙwarya-ƙwaryar jiki. Ka tsuguna a gaba ka kalli tsawon gefen motar, duk inda aka buga za ka ga hasken ya karye.

Bayan nan a hau da ita rami. Salun ɗin 504 irin GL ƙafafunta na baya kowacce zaman kanta take yi, suna rataye a wani ƙarfe da ya gitta aka ɗaure shi a bodi. Duba inda aka ɗaure shi ɗin. In wurin ya ruɓe ko an yi masa walda barkatai, ka bar motar ko nawa aka rage maka. Ka kuma buɗe ƙofar direba rabi ka ɗaga ta sama. In tana motsi, hinjin ya ci, motar ta sha hanya ko me mita ta nuna.

Tsohon Makanikin Fijo:
Ni kuma ga nawa. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa inji ka tabbata da sanyinsa. Zare sandar baƙin mai. In ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga. A wanga inji dalili biyu ne: ko gasket, ko abin da ke toshe gindin silif, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. Silif ɗin 504 ba manne yake da bulok ba, zaune yake cikin ruwa, ana zare shi. Shi ya sa in yaro ya cire top ya juya kiranshaf bai danne silif da ƙarfe ba, silif ya ɗaga, abin toshewar ya saki, a ɗaure inji lafiya lau, bayan mako ruwa ya gangara cikin mai. Gyaran sai an sake sauke komai.

Buɗe murfin lagireto tun tana da sanyi, a tayar, ka duba ko kumfa na tasowa. A cire fulogi huɗu a auna matsin kowace silinda. Kada bambancin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 cikin 100. Nan ne ƙurarmu ke nuna kanta: motar da anka yi shekaru ana tuƙawa da yagaggar matatar iska, ƙura ta goge ringi da silif, za ka ga shuɗin hayaƙi in anka taka mai bayan ta ɗan tsaya. Duba fanka kuma. Ta asali tana da maganaɗisun lantarki, sai inji ya yi zafi take kamawa. In ka tarar an ɗaure ta tana juyawa kullum, ka tambayi dalili, galibi wata matsalar zafi ce anka rufe da hakan.

Mai Kayan Gyara:
Ina goyon bayan Alhaji Dillali ta fuska ɗaya. Duk abin da Baba ya lissafa ana samunsa. An haɗa 504 a kamfanin Peugeot na Najeriya (PAN) da ke Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da haɗa ta nan har tsakiyar shekarun 2000, alhali Faransa ta daina yin salun ɗin tun 1983. Saboda haka silif da fistin da ringi da gasket da famfon ruwa ba su gagari mai nema ba, a nan ko Kano ko Kaduna. Abin da ya yi wuya shi ne abin da rana ke lalatawa: dashbod da bai tsage ba, robar gilashi, gilashin fitilun baya da bai koɗe ba, rufin ciki, kwalin ƙofa, da adon ƙarfe mai sheƙi. Waɗannan kuwa motar Sakkwato ce ta fi rasa su. Ka ga ke nan goyon bayan nawa bai kai ƙarshe ba. Mai ajiya da ke son mota kamar yadda ta fito zai fi shan wahalar neman dashbod mai kyau a kan gyaran inji gaba ɗaya.

Dillalin Mota:
To ku ji. Kun kawo wagon ta haya da a-kori-kura, ni ba su nake nufi ba. Ina maganar salun ta gida, irin wadda wani ma'aikaci ko attajiri ya saya sabuwa, ta zauna a gareji a Gawon Nama ko Runjin Sambo, ba ta ɗauki taki ba, ba ta kwana a rana ba. Ku kawo min irinta daga Legas mu ajiye gefe da gefe, ku gaya min wadda za ku ɗauka.

Mai Walda da Fenti:
Wannan kam ta Sakkwato zan ɗauka, ba musu. Amma Alhaji ka lura, maganar ta canza. Da ka ce "duk" 504. Yanzu ka ce wadda ta zauna a inuwa, hannu ɗaya, ba ta yi dako ba. Inuwar da hannun ɗayan su suka ba ta daraja, bushewar ƙasa ta ƙara mata. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki sunan gari a ɗora wa kowace mota a matsayin farashi.

Tsohon Makanikin Fijo:
Kuma ita wagga ta gareji tana da nata ciwon. Motar da ta yi shekara biyar ko goma ba ta motsa ba, kada wanda ya sa mata batir ya murza makulli kai tsaye. Tsohon fetur ya zama danƙo a tanki da kafireta. A sauke tanki a wanke, a buɗe kafireta a busa jet. A cire fulogi, a ɗiga baƙin mai cokali guda a kowace silinda, a bari ya kwana, sannan a juya inji da hannu a ji ko yana zagayawa. A zubar da tsohon mai da man birki. Robobin birki da na kuloci sun bushe, za su riƙe kwana biyu su saki ana cikin tafiya, don haka a canza su tun farko tare da duk tiyon ruwa da fambel. Taya ko da zanenta bai ci ba, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da anka ƙera ta. Ɓeraye kuma suna cin waya a bayan dashbod, a duba kafin a haɗa wuta. Duk wannan kuɗi ne, kuma daga farashin ya kamata a cire shi.

Mai Neman Saye:
Na gode ƙwarai. Akwai wadda aka yi min tayi, an cire injinta an sa na Toyota, mai ita na cewa hakan ya ƙara mata kuɗi tunda ba ta shan mai. Haka ne?

Mai Kayan Gyara:
Ga mai haya wataƙila. Ga mai ajiya, ya rage mata. Injin 504 a kishingiɗe yake zaune, kuma furofela, sandar da ke juya ƙafafun baya, tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksil na baya. Duk mai sa baƙon inji sai ya yanka mazaunin inji, ya taɓa bututun nan ko ya ƙera faranti na haɗi, ya sake wayoyi. Mayar da ita yadda take a da ya fi sa baƙon injin tsada. In mai ita ya ajiye tsohon injin zai haɗa maka da shi, a yi ciniki. In ya sayar, ka saye ta da kuɗin bodi kawai.

Dillalin Mota:
A nan ba mu da saɓani. Kuma in ƙara maka, ƙanena, takarda kafin komai. Lambar shasi da ke buge a ɗakin inji ta yi daidai da farantin kamfani da abin da ke cikin takardu. In ka ga alamar walda ko guga a kewayen lambar, ka juya. Wadda aka haɗa a Kaduna ba ta da zancen kwastan, amma wadda ta shigo ta Ƙonni da Illela sai ka ga takardar biyan haraji. Mita kuma kada ka dogara da ita, wayarta kan tsinke a bar ta shekaru. Robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Amma a kan asalin magana ban sauka gaba ɗaya ba. Na janye kalmar "duk". Abin da na riƙe shi ne, in tarihin motoci biyu ya zo ɗaya, ta nan ta fi, domin faranti na asali da walda ba ta taɓa ba babu shagon da ke sayar da shi.

Mai Walda da Fenti:
Dashbod na asali ma babu shagon da ke sayar da shi, Alhaji. Ni in za a bi tawa, a fara kimanta abin da mai kyau sosai za ta yi a kasuwa, a zauna da mai walda da makaniki da mai kujera kowa ya faɗi kuɗin aikinsa, a cire, abin da ya rage shi ne tayin. Ƙanena, kafin ka biya ko sisi, turo mana hoton ƙasan but bayan an ɗaga shimfiɗa, da na inda ƙarfen ƙafar baya ya kama bodi, hagu da dama.

Tsohon Makanikin Fijo:
Ka haɗa da hoton sandar baƙin mai, da cikin murfin lagireto.